Wata Biyu Ina Yi wa Malama Hadiza Ƙarya

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu. A waya nake rubutu, ku yi haƙuri da ni.

Rifkatu ce, ta ƙungiyar mawaƙa. Kun san bara aka yi mini aikin sankarar mama. Na gama magani na dawo Ƙaura, amma daga ɗaki zuwa zaure sai na zauna na huta. Ga shi tun zuwan shari'a mace ba ta hawa kabu-kabu yadda ta ga dama. In ba ƙafa, ba coci.

Sai wata ta fara kirana, wai Malama Hadiza, wai asibiti ne suka haɗa ta da ni don motsa jiki. "Ƙanwata, ƙarfe nawa za ki iya fita? Wace hanya za ki bi?"

Jama'a, a garin nan, muryar da ba ka sani ba tana tambayar lokacin fitarka da hanyarka? Duk mun san aikin masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Yayana Bitrus ya ce, "Ke, ko ƙofa kada ki leƙa."

Na shiga yi mata ƙarya. Ina kwance zan ce na je tashar jirgi na dawo. Wata biyu. Ƙafafuna suka kumbura, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Wata Lahadi na shirya zan zo sujada, na faɗi a zaure. A nan ƙasa na ce, "Ubangiji, tsoro zai gama da ni kafin ciwon. Nuna mini gaskiyar matar nan."

Ranar ganin likita na tambayi nas ko sun san ta. Ta nuna mini wata mai hijabi a benci. Na je na gaishe ta, na faɗi sunana. Matar ta dubi ƙafafuna. "Ke ce mai zuwa tasha kullum?"

Na faɗa mata komai. Dariya ta yi. "Ni ma da haka zan zata. Inuwa da wurin zama nake nema miki a hanyar. Ni ma an cire mini nawa maman. Tashi, mu taka zuwa bishiyar can."

Daga bishiyar muka fara. Lahadin da ta wuce, da ƙafata na shigo coci. Godiya ga Yesu!

Ku yi hattara, ban hana ba. Amma ku kai zarginku gaban Ubangiji tun bai kwantar da ku ba.