Kwamfutar Malam Musaddiq da Muka Goge

Ranar Asabar, sha huɗu ga Mayun 2005, muka yi wa Malam Musaddiq laifin da ba mu taɓa neman gafararsa ba. Shekara uku ina haɗiye maganar. Tunda kun ba ni jawabi a taron addu'arsa, yau zan fitar da ita.

Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiyarmu ta jikokin 'yan kuza, Alhaji Labaran. Uwargidan marigayi, Malama Ummusalma, da 'ya'yansa. Jama'ar Kwararafa, assalamu alaikum.

Malam Musaddiq ya kasance mai bin tsofaffi gida-gida. Shekara huɗu yana zama gaban waɗanda suka haƙi kuza a tudun nan, Hausawa da Birom, yana rubuta abin da suka gani, ya dawo ofishinmu ya buga a wata tsohuwar kwamfuta.

Ya kasance mai tausayin na'ura ma. Saboda tsufanta, ya saita ta yadda in an kunna ba ta nuna hoto, sai baƙin allo da farin rubutu. Ka sa suna, ka sa lambar sirri, ka buga startx, sai hotuna da fayiloli su bayyana. Ranar farko na ce, "Musaddiq, wannan ai gawa ce." Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, da ranta. Sallama take jira, kai kuma ka shigo mata kamar ɗan haraji." Ya rubuta mini komai a takarda, na sa a aljihu.

Da ya kwanta asibiti, shugaba ya kunna kwamfutar, ya ga baƙin allo, ya kira mai gyara daga Tina Junction. Yaron gyara bai zauna ba ma, ya ce, "Oga, wannan ya mutu, sai fomat, a goge komai. Zan sa maka sabo fes." Shugaba ya ce a yi.

Ina tsaye a wurin. Takardar tana aljihuna. Ni da na fito na ɗaya a kwalejin horon malamai, na koyar shekara talatin, na yi shiru, don a wurinmu ba a gyara wa shugaba magana gaban baƙo. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban ga alamar za mu sake ba.

Da Musaddiq ya samu sauƙi ya dawo, ya dubi allon mai launi, ya tambaya, "Wa ya taɓa ta?" Ya juya ya fita. Bai sake taka ofishin ba.

Malama Ummusalma, kin sha ce masa ya huta da yawon nan. Ki yafe mana. Shi mun makara.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Musaddiq, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari.

Labarin tsofaffi arba'in da ɗaya ya rubuta. Littattafan hannunsa ruwan damina ya ci su tun kafin ya kwanta. Cikin tsofaffin, biyu suka rage, ɗayan ba ya magana.