Huhun Babana Ladan

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Don Allah kada ka faɗi sunana, kunya nake ji.

Babana ladan ne a Jibiya. An ga ciwon daji a huhunsa, bai yi nisa ba tukuna. Likitan Kano ya ce a cire huhu ɗaya ɗungurungum, kada ciwon ya dawo. Na Maraɗi ya ce yanki ya isa. Baba ya ce mini, "Ke 'yar nan, da huhu ɗaya wa zai ji kiran sallata?"

A littattafan soyayyata mara lafiya yakan warke, amma Baba tari yake har yanzu. Masu sauraro, wanda aka yi wa nasa ɗayan aikin nan, shekara nawa ya ƙara? Ku taimaka, ran kasuwa zai tsallaka Maraɗi.