Surukina Ya Hana Ni Baƙaƙe

A layin ganin likita, wani dattijo yana ta tsaki kan wata takarda. Matar da ke gefensa ta leƙa.

"Baba, ta magani ce?"

"Ina fa! Darar Turawa ce, wadda ake kira ces. Wata biyu ina haddace yadda mai baƙaƙen 'ya'ya ke kare kansa, don in kayar da surukina."

"To, kun kayar da shi?"

"Kullum sai ya turo mini farare! Wai su ke fara tafiya, shi kuwa ba zai riga babba ba."

"Ku ce baƙaƙen kuke so mana."

"Na faɗa! Har ƙasa ya durƙusa yana ba ni haƙuri."

"Kai, yaro mai ladabi."

"Ladabi? Da ladabin yake cinye ni, a gaban 'yata!"