Na Ninka Magani Kamar Taki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni ne Alhaji Ɗanladi, manomin tumatir daga wajen Kura.

Bara na fara jin ƙirjina yana ɗaurewa da zarar na ɗaga buhu. Likita a Kano ya ce hawan jini ne, kuma jini ba ya isa zuciyata sosai, kamar yadda ciyawa ke toshe hanyar ruwa. Ya ba ni ƙwayoyi, ɗaya kowace safiya.

Da aikin dashe ya kankama, na manta da su kwana biyar cur. Da na tuna, sai na yi lissafin manomi: in an makara da zuba taki, ai ƙarawa ake yi. Na haɗa biyar ɗin na kora da koko, na tafi ban ruwa.

Malam, ina sunkuyawa zan buɗe ruwa sai na ga gona tana juyawa. Na farka a cikin laka, maƙwabcina Sule yana jan ƙafata yana salati. A bayan a-kori-kura aka kai ni asibiti, tsakanin buhunan taki. Likita ya ce, "Alhaji, kai ba gona ba ne. Allah ne ya yi da sauran kwananka."

Jama'a, wanda ya manta magani kada ya ninka, ya tambayi likita. Yanzu uwargidana ke riƙe da kwalbar maganin, ba koko sai na haɗiye.

A gaida mini Sule, a kuma roƙe shi ya daina ba da labarin nan a kasuwar Bunkure. Har an fara kirana Alhaji Taki.