Bangon Rumfar Masu Kifi

Hamsatu: Alo? Alo! Biron gari ne, ofishin hukuma? A ba ni Hamidu, mai aikin alluna.

Hamidu: Shi ne ke magana. Wa ke nan?

Hamsatu: Hamsatu ce, ta Gaweye.

Hamidu: Yaya Hamsatu! Matar Yaya Alu? Ina kwana, ina gajiya?

Hamsatu: Lafiya lau.

Hamidu: Ina haƙurinmu? Yaya yara?

Hamsatu: Haƙuri da godiya. Yaya Madina da goyonta?

Hamidu: Tana gaishe ki. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Amma daga ina kike kira? Ba takaba kike ba?

Hamsatu: Daga kantin Alhaji. Kwana hamsin da uku ban taka ƙofar gida ba, yau kai ka fito da ni.

Hamidu: Subhanallahi, ni? Ƙara murya, wayar na ƙara.

Hamsatu: Na ce KAI! Hadizatu mai kifi, ga ta nan tsaye kusa da ni, ta shigo min da kuka, wai za a shafe bangon rumfarsu da farar ƙasa saboda bikin jamhuriya. Gaskiya ne?

Hamidu: To, Yaya, ai duk bangon da ke bakin hanya ne, ba nasu kaɗai ba. Manyan baƙi za su wuce ta nan. So ake gari ya yi fari fes.

Hamsatu: Duk bango aka yi wa zane? Wa ya gina rumfar nan bayan kogi ya cinye ta farko?

Hamidu: Yaya Alu ne.

Hamsatu: Da hannunsa ya buga tubalin. Shekara guda, kowace Lahadi, mutane na hutawa shi yana kan tsani yana zane. Jiragen ruwa, dorina, matan nan goma sha ɗaya kowacce da fuskarta da kwandonta. Uku cikinsu sun rasu. 'Ya'yansu nan suke zuwa su ga uwarsu.

Hamidu: Ba mu manta shi ba, wallahi. Ran biki za a karanta sunansa a gaban jama'a. Ni na rubuta jawabin: shekara goma sha tara yana aikin gari, bai taɓa makara ba...

Hamsatu: Makara! Abin da kuka sani ke nan. Ka rubuta cewa babu kabarin da aka haƙa a Gaweye ba da shi ba? Ka rubuta damina bakwai yana yashe kwatar unguwa, ba wanda ya sa shi? Ka rubuta ranar da ka zo daga Tawa da riga ɗaya, ya kwantar da kai zaurenmu, ya riƙe hannunka yana koya maka jan layi?

Hamidu: Ai ban musa ba.

Hamsatu: Da safe ku yabe shi, da yamma ku shafe shi. Mushe Hamidu, an zama Bafaranshe, an samu tebur!

Hamidu: Haba, Yaya, kada ki ce haka. Sai in kawo mai hoto ya ɗauki bangon, a sa miki a gilashi.

Hamsatu: Ka rataya a ɗakinka. Ni tambaya gare ni. Ƙyallayen maraba da za ku ɗaura a hanya, da me za ku rubuta su?

Hamidu: Yawwa, da ma ina son in aiko. Haruffan nan na gwangwani da Yaya ke ɗorawa ya shafa launi, an duba ma'aji ba a gan su ba.

Hamsatu: Ba za a gan su ba. Suna ƙarƙashin gadona.

Hamidu: Alhamdu lillahi! Sai in turo...

Hamsatu: Turo wa? Wane namiji ne zai shiga ɗakin mai takaba?

Hamidu: Kayan aiki ne fa, Yaya.

Hamsatu: Kayan wa? Garewanin kananzir ɗina ne ya yanka, da almakashina, har ya dakushe min shi. Ban san sunan ko harafi ɗaya ba, amma na san nawa ne.

Hamidu: Sauran kwana biyar! Ba wanda ya iya yanka irinsu, in na rubuta da hannu layin karkacewa yake. Shef, shugaban bironmu, zai cinye ni ɗanye.

Hamsatu: Ya ci, ya sha ruwa. A bar bango, ka samu haruffa.

Hamidu: To a bar gefen jiragen, a shafe sauran.

Hamsatu: Tumatir kake saye? Duka.

Hamidu: A bar matan, dorinar kaɗai...

Hamsatu: Har wutsiyarta. Kuma ba da baki ba. Takarda da hatimi, 'yar Hadizatu da ke karatun boko a lakwal ta karanta min sau biyu.

Hamidu: Shi ke nan, na yarda. Zan shiga wurin shef yanzu, a bar abin da ya rage.

Hamsatu: Me ka ce?

Hamidu: Na ce zan shiga wurin...

Hamsatu: A'a. Ya rage. Mene ne ya rage?

Hamidu: Alo? Wayar nan...

Hamsatu: Wayar lafiyarta lau! Hamidu, ka ji tsoron Allah. Yaushe za su fara?

Hamidu: Motar ta fita da leburori tun da hantsi. An ce su fara da bakin kogi. Wataƙila ba su kai ba tukuna, akwai bangon...

Hamsatu: Inna lillahi! Kana can zaune muna ina kwana ina gajiya, kana tambayata yara?

Hamidu: Ban san yadda zan faɗa miki ba.

Hamsatu: To saurara. Ka hau kekenka yanzun nan. Ni ma can na nufa, da kwandon haruffan a kaina. Duk fuskar da na tarar an shafe, harafi ɗaya zai faɗa kogi, kana kallo.

Hamidu: Yaya, takabarki! Me mutane za su ce? Ki koma gida, ni zan...

Hamsatu: Alhaji, karɓi tarhonka. Hadizatu, ɗauko min takalmina!

Hamidu: Yaya Hamsatu? Alo? Alo!