Masu Kallo da Masu Saye

A rumfar mai gyaran waya, wata tela da wani dattijo suna jira a benci ɗaya.

"Baba, da na sani da ban bar WhatsApp ba. Can matan unguwa suke turo min aiki."

"To me ya kai ki TikTok, 'yata?"

"Son suna. Dubbai suna yaba ɗinkina, amma ko ɗankwali ba a saya ba. Ina ta ɗaukar bidiyo, saƙonnin masu kawo min ɗinki suka taru ban buɗe ba."

"Haka telar matata ta yi mata. Ta kai yadin bikin 'yarmu, ta yi ta tura saƙo shiru, har biki ya wuce."

Telar ta sunkuyar da kai.

"Baba, yadin shuɗi ne?"

"Shuɗi ne, 'yata."