“To” ɗin da na faɗa a Bompai

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, 'yan'uwana. Ni ne Ishaya, wanda yake zama a bencin baya. Yau zan yi magana, kuma ku yi mini haƙuri in muryata ta tashi, don har yanzu abin yana tafasa mini.

Aikina tura keken marasa lafiya ne a ƙaramin asibitin ma'aikatan majemar fata a Challawa. Da aka ce za a haɗe asibitinmu da wani babba a Bompai, 'yan ƙungiyarmu ta ma'aikata suka zaɓe ni wakili saboda furfurata. Suka ce dattijo ba zai sayar da su ba.

A taron farko a Bompai aka ba ni kujera mai laushi, ana ta kirana “Ciyaman”. Kaina ya kumbura. Sabon manajan asibitin ya ce masu wanki da masu shara za a miƙa su ga ɗan kwangila, ba su cikin ma'aikatan asibiti kuma. Ya dube ni. Na ce, “To.”

Kun san “to” ɗinmu. Nufinsa na ji ne, zan je in yi shawara. Amma shi ya tafa hannu ya ce ƙungiya ta amince. Na ga yadda ya ɗauke ta, kuma ban gyara ba. Na ji kunyar musa wa babba a gaban mutane. Kunya! Da ita na yanka mutanen da suka aiko ni.

Malam Habu mai wankin zannuwan gado ya tare ni a bakin famfo. Mutumin Challawa ne, Musulmi, tare muke cin abincin rana. Matarsa tana da ciwon suga, da katin ma'aikata take karɓar magani, kuma an karɓe katin.

Ya ce, “Baba Ciyaman, an ce kun ce to.”

Na ce, “Ai ba amincewa na yi ba, Malam.”

Ya nuna mini hannayensa da ruwan bilic na wanki ya cinye. Ya ce, “To ku je ku gaya wa ciwon uwargida haka.”

Daga nan fushi ya shige ni. Ina zagin manajan a hanya, ina zaginsa a gida. Mutumin da bai taɓa ɗaga zanin da aka yi amai a kai ba, shi ne zai ce mai wanki ba ma'aikaci ba ne! Na koma shan giyar da na bari tun ina saurayi. Hawan jini ya kwantar da ni. Kowa na zaga, ban da mai laifin da yake kwance a gadona, wato ni kaina.

Fasto ya zo ya yi mini addu'a. Da ya gama ya ce, “Baba, ka yarda Ubangiji ya karɓi wannan nauyin?”

Na ce, “To.”

Matata Laraba ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta ce, “Maigida, Allah ma ‘to’ za ka ce masa?”

'Yan'uwa, na fashe da kuka! Na sauko na durƙusa na ce, Yesu, na yarda, ka gafarta mini, ka ba ni baki.

Ya ba ni. Ban ƙara taɓa kwalba ba. Da na warke na tara 'yan ƙungiya na gaya musu laifina, suka yi mini kaca-kaca, kuma sun yi daidai. Muka koma Bompai tare da Malam Habu. Aka miƙo mini kujerar nan, na ƙi zama. Na ce wa manajan, “Ranka ya daɗe, a'a. Ƙungiya ba ta amince ba.”

A gaban kowa na faɗa. Maganar ɗan kwangila har yau muna ja, kuma ban huce da ita ba. Amma an mayar wa masu wanki da masu shara katinsu, matar Malam Habu tana karɓar maganinta.

Na gode wa Yesu da ya kwance harshen tsoho matsoraci. Ku dogara gare shi. In kuma ya tambaye ku, kada ku ce masa “to”. Amin!